Haƙƙin Mai Taimako Don Allah Da Haƙƙin Wanda Ake Taimaka Wa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya rarraba arziki da sani a tsakanin bayinSa domin kowa ya buƙaci ɗan'uwansa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ina yi wa kaina wasiyya da tsoron Allah, ina kuma yi muku. Dalilin wannan nasiha abubuwa biyu ne da suka auku a unguwarmu, a nan Birnin Ƙonni, a cikin wata guda.

Akwai wani saurayi mai natsuwa wanda ya saba shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, mutane suna kawo masa salularsu. Wannan lambobinsa sun ɓace, wancan yana son a sanya masa karatun Alƙur'ani, waccan tana son aika murya ga ɗanta da ke bida a Libiya. Bai taɓa karɓar ko dala ba. Wata rana bai fito ba. Kashegari wani ɗan kasuwar albasa, wanda ke jiran labarin motar da ta ɗauki kayansa zuwa Abijan, ya tsaya a kansa a gaban jama'a ya ce: "Kai wane irin yaro ne? Jiya tun la'asar nake jiranka har aka kira magariba." Yaron ya ce: "Baba, ka yi haƙuri, tsohuwata na kai likita." Ya ce: "Ina ruwana? In ba ka iyawa ka faɗa mana." Yaron bai ƙara cewa uffan ba. Ya gyara masa salular, ya naɗe tabarmarsa, har yau bai sake shimfiɗa ta ba.

Ba a yi sati biyu ba sai wata tsohuwa ta zo mini da kuka. Ta kai salularta wurin wani saurayin daban, ya ce mata: "Haba Iya, sau nawa zan nuna miki abu ɗaya?" Abokansa suka yi dariya. Sa'an nan ya kunna saƙon da ɗiyarta ta aiko mata daga gidan miji, kowa ya ji sirrin da ke ciki.

Na farko an zalunce shi, na biyu ya yi zalunci, kuma dukansu biyu aikin kyauta suke yi. Ɗan kasuwar nan yana ganin tunda yaron ya saba yi, to ya zama tilas a kansa. Saurayi na biyu kuwa yana ganin tunda ba a biyansa, to babu abin da ke wuyansa. Dukkan zaton nan biyu kuskure ne a Shari'a.

Su wane ne masu aikin sa kai?

Kada wani ya ɗauka maganar salula ce kawai. Ku duba garuruwanmu, daga Ƙonni zuwa Tsarnawa, Malbaza, Galmi, Dogarawa, Badagishiri da Illela. Wa ke shirya sahu ranar Juma'a da ranar Idi, yana tsaye cikin rana muna zaune a inuwa? Ƴan agaji. Wa ke haƙa kabari, wa ke wankan gawa? Wa ke bin gida gida yana tunatar da uwaye ranar rigakafi? Wa ke riƙe da littafin kuɗin famfon ƙauye, ko na kwamitin iyayen yara a lakwal? A gandun noman rani na Ƙonni, wanda ke shan ruwan barajin Mozage da na Zango, wa ke zama raba gardama idan aka yi saɓani a kan layin ban ruwa, in ba wakilan da manoma suka zaɓa daga cikinsu ba? Dattawanmu suna tune da gayya, suna kuma tune da azuzuwan da samariya ta gina da hannunta a zamanin Janar Seyni Kunce, tsakanin 1974 da 1987. Da waɗannan mutane za su ɗauke hannu rana ɗaya, da mun san yawan abin da muke ci ba da guminmu ba.

Masu gyara mana salula sabon reshe ne na wannan tsohuwar bishiya. Allah Ya ba yaranmu wani sani da bai ba mu ba, kamar yadda Zaidu ɗan Sabitu (R.A.) yana matashi ya koyi rubutun Yahudawa cikin wajen rabin wata, bisa umurnin Manzon Allah (S.A.W.), ya riƙa karanta masa wasiƙu yana rubuta amsa. Babba ya buƙaci yaro a kan abin da yaron ya sani ba abin kunya ba ne.

Haƙƙinsa a kanmu

Na farko, mu san cewa ba bashi muke binsa ba. Wanda ka ɗauka aiki ka biya shi lada, kana da ikon neman aikinka a kan lokaci. Wanda ya ba ka lokacinsa sadaka, ba ka da abin cewa sai roƙo da godiya. Shi ma yana da gona, yana da uwaye, yana gajiya, yana rashin lafiya. A Suratul Hujurati, aya ta 4 da ta 5, Allah Ya zargi waɗanda suka tsaya a bayan ɗakunan Manzon Allah (S.A.W.) suna ƙwala masa kira ya fito, Ya kuma nuna cewa da sun yi haƙuri har ya fito da kansa, da ya fi musu alheri. Malaman tafsiri sun ce baƙi ne daga Banu Tamim. Matsayin Annabi ba a haɗa shi da na kowa, amma ladabin da ke cikin ayar darasi ne gare mu: mai buƙata shi ne ke jira. Kai da ke buga wa yaro waya tsakar dare don hoto ya ƙi buɗewa, ka auna kanka da wannan.

Na biyu, mu tsare harsunanmu daga zarginsa. A Suratut Tauba, aya ta 79, Allah Ya ambaci masu aibata muminan da ke bayar da sadaka don sa kai. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Mas'ud (R.A.) cewa wani ya kawo dukiya mai yawa, munafukai suka ce riya ce, wani ya kawo ɗan abin da bai wuce sa'i ba, suka ce Allah ba Ya buƙatar wannan. Ku duba, babu wanda ya tsira daga bakinsu, alhali su ba su kawo kome ba. Shin ba haka muke yi ba? In ɗan agaji ya yi ƙwazo mu ce neman suna yake, in ma'ajin kwamiti ya sayi sabuwar riga mu ce kuɗin famfo ne. Wanda yake da hujja ya kawo ta gaban jama'a a bincika, wannan gyara ne. Wanda ba shi da ita ya yi shiru, domin Allah Ya sanya wannan ɗabi'a cikin siffofin munafukai.

Na uku, mu iya tambaya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma tambaya tana da ladabi. Ka yi sallama. Ka faɗi abin da ya faru daki daki: abin da ka taɓa, abin da ya fito, da lokacin da ya fara. Kada ka ɓoye cewa salular ta faɗa ruwa, ka bar bawan Allah yana ta laluben banza. Kada ka tsallake wanda ya riga ka zuwa don kai Alhaji ne. In an nuna maka, ka yi ƙoƙarin riƙewa, ko ka zo da jikanka ya koya. Annabi Musa (A.S.), da girmansa, da ya je neman sani wurin Halliru, izini ya nema, ya kuma karɓi sharaɗin da aka gindaya masa, kamar yadda ya zo a Suratul Kahfi.

Na huɗu, in ya yi kuskure mu yi masa uzuri. Anas ɗan Malik (R.A.) ya yi wa Manzon Allah (S.A.W.) hidima shekara 10, kuma ya ba da labarin cewa bai taɓa yi masa tsaki ba, bai taɓa tuhumarsa a kan abin da ya yi ko abin da ya bari ba.

Na biyar, mu gode. Yaba kyauta tukuici. Ya tabbata a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa rashin gode wa mutane rashin gode wa Allah ne, an kuma umurce mu da mu saka wa wanda ya yi mana alheri, in ba mu da abin sakawa mu yi masa addu'a. Ku tuna da baƙar matar nan da ke share masallacin Madina. Ta rasu aka binne ta ba a sanar da Annabi (S.A.W.) ba, kamar an raina al'amarinta. Da ya rasa ganinta ya tambaya, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Mu fa, mun san sunan mai share masallacinmu?

Haƙƙinmu a kansa

Yanzu kuma gare ku, ya ku masu aikin sa kai. Allah Ya saka muku da alheri, amma ku saurara.

Kafin ka shiga aiki kana da zaɓi, bayan ka shiga ka ɗauki amana. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya fara sallar nafila ko azumin nafila, wajibi ne ya cika, in ya ɓata da gangan ba da uzuri ba sai ya rama. Haka kuma mashahurin zance a mazhaba shi ne alkawari yana zama tilas idan wanda aka yi wa ya shiga wani abu saboda shi. In ka ce wa mutum ya zo daga Gidan Idar ranar Asabar za ka duba masa, ya biya kuɗin mota ya zo, to ba ka da ikon ce masa ai kyauta ce. In uzuri ya same ka, ka aika a sanar. Ko saurayin farko da na ambata, da ya bar saƙo a ƙofar masallaci da ya fi, ko da yake wannan bai halatta abin da aka yi masa ba.

Ka tsare kayan mutane. Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Risala, wadda muke karantawa a zaurukanmu, cewa mai sana'a yana lamunin kayan da ya tafi da su wurinsa, ko da lada ya yi aikin ko ba da lada ba. Ya kuma bayyana cewa wanda aka ba ajiya ana gaskata shi in ya ce ta salwanta, amma in ya ƙetare iyaka a kanta sai ya biya. Ashe rashin karɓar kuɗi ba ya ɗauke nauyi.

Ka tsare sirri. Salular mutum a yau ita ce akwatinsa: wasiƙunsa, hotunan iyalinsa, lissafin bashinsa da lambar sirrin kuɗinsa duk suna ciki. Allah Ya hana binciken asirin mutane a aya ta 12 ta Suratul Hujurati. Ka duba abin da aka ce ka duba, ka kau da kai daga saura. In ana buƙatar lambar sirri, ka miƙa wa mai ita ya danna da hannunsa. Abin da idonka ya gani ba da nufi ba, ka binne shi kamar yadda mai wankan gawa ke binne abin da ya gani.

Kada ka yi gori, kada ka yi izgili. Aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta nuna cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, aya ta 10 ta Suratud Duha kuma ta hana tsawata wa mai tambaya. Abdullahi ɗan Ummu Maktum (R.A.), makaho ne, ya zo da tambaya a lokacin da Annabi (S.A.W.) ke magana da manyan Ƙuraishawa, sai Allah Ya saukar da farkon Suratu Abasa saboda shi. Tsohuwar da ta tambaye ka sau uku, ita ko irinta ce ta maimaita maka sunan ruwa da na tuwo sau ɗari kafin bakinka ya buɗe. Wace riba ce mutum ya yini yana aiki, sa'an nan ya ƙone ladarsa da kalma ɗaya?

In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179, tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba, kuma wannan bai rage masa daraja ba. Kai kuwa don kada a ce ka kasa, sai ka danna abin da ba ka gane ba, ka share wa mutum lambobin abokan cinikinsa na shekara goma. Ka tura shi wurin wanda ya fi ka, wannan ma taimako ne.

Idan aka gajiyar da mutanen kirki

Watakila wani ya ce: yaro ɗaya ya naɗe tabarma, sai me? To ku ji wani labari daga nesa. Da yawa daga cikin manhajojin da ke tafiyar da salula da manyan kwamfutocin duniya, masu aikin sa kai ne suka rubuta su suka bayar kyauta. Tsarin Android da ke cikin yawancin salulolinmu an gina shi ne a kan Linux, wanda wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Daga cikin irin waɗannan akwai wata ƙaramar manhaja mai suna XZ, mai matse bayanai don su rage cin wuri, wadda ke cikin kwamfutoci marasa adadi. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da ita ba da albashi ba. A 2022 wasu suka riƙa aika masa saƙonnin gori da matsi, suna cewa aiki ya tsaya, ya ba wani wuri. Ya amsa musu cewa ƙarfinsa ya ragu, kuma ba biyansa ake yi ba. Daga baya ya raba ragamar da wani mai kiran kansa Jia Tan, wanda ya daɗe yana nuna kirki da taimako. A farkon 2024 wannan mutum ya dasa ɓoyayyar ƙofa a cikin manhajar, wadda za ta ba shi damar kutsawa cikin kwamfutocin mutane. Wani injiniya, Andres Freund, ya lura na'urarsa tana jinkirin wajen rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tona asirin a ranar 29 ga Maris, 2024, kafin abin ya bazu. Masu bincike da yawa suna ganin masu gorin nan da ma da maƙarƙashiyar aka turo su.

In bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga. Wurin da mutumin kirki ya bari ba ya zama fanko, wani ne zai zauna. Tun da yaron nan ya daina fitowa, tsofaffinmu suna miƙa salularsu da lambar sirrinsu ga duk wanda suka tarar a bakin tasha. Haka in muka kori ma'aji mai amana da baƙar magana, wanda ba ya jin kunyar zagi ne zai karɓi littafin. Don haka wanda ya wulaƙanta mai aikin sa kai ba shi kaɗai ya cuta ba, ya cuci duk wanda zai zo bayansa da buƙata.

Abin koyi daga rijiyar Madyana

Allah Ya haɗa mana ladabin ɓangarorin biyu a ƙissa ɗaya, a Suratul Ƙasasi, daga aya ta 23 zuwa ta 25. Annabi Musa (A.S.) ya iso Madyana yana baƙo, a gajiye. Ya ga mata biyu sun tsare dabbobinsu a gefe, ya tambaye su. Suka ba shi amsa a taƙaice, ba ƙari ba ragi. Ya shayar musu, bai nemi lada ba, bai tsaya jiran yabo ba, ya koma inuwa ya kai buƙatarsa ga Ubangijinsa. Su kuma ba su ce ai shi ya sa kansa ba. Mahaifinsu ya aika a kira shi domin a saka masa. Mai taimako bai nema ba, wanda aka taimaka wa bai manta ba.

Saboda haka ina kira ga kwamitocin masallatanmu da su sanya wa irin wannan hidima lokaci sananne, a raba ta tsakanin samari biyu ko uku, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A koya wa wasu, kada aiki ya rataya ga mutum ɗaya. Wanda ya gaji ya faɗa, a ba shi hutu ba tare da zargi ba. Mai ƙorafi ya kawo ga liman ko shugaban kwamiti a keɓe, kada ya tozarta kowa a bainar jama'a. Masu hali kuma su riƙa tunawa da su, ko da da kuɗin kati ne ko na sabulu.

Ni kaina ina cikin masu laifi, domin ina zaune aka yi wa yaron nan tsawa ban tanka ba, ina ganin girman mai maganar. Na je gidansu na ba shi haƙuri. Ina roƙon ɗan'uwanmu da ya yi maganar, wanda na san mutumin kirki ne da damuwar dukiya ta rinjaya, shi ma ya taka ya je. Saurayi na biyu kuma ya nemi tsohuwar nan ya roƙi gafararta tun tana raye, domin haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe.

Ya Allah Ka saka wa duk mai yi wa Musulmi hidima da mafificin sakamako, Ka tsarkake niyyarsa, Ka sanya albarka a lokacinsa da zuriyarsa. Ka sanya mu cikin masu godiya, Ka tsare harsunanmu daga cutar da bayinKa. Ka ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya da damina mai albarka, Ka jiƙan magabatanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.